Filin Baba: inda nake ajiye motata a tsakiyar Abuja

Ginin da nake aiki a Central Area hawa shida ne, amma harabarsa ko motocin mutanen hawa biyu ba ta ɗauka. 'Yan guraben da ke ciki na shugabanni ne da baƙinsu, mu sauran kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Ni akanta ce a wani kamfani mai zaman kansa, gidana a Kubwa, motata kuma tsohuwar Corolla ce da maigidana ya bar mini da ya canza tasa. Sababbin ma'aikata sun sha tambayata inda nake fakin, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani game da wurin, daɗinsa da wahalarsa, domin mai niyyar zuwa ya san abin da zai tarar.

Fili ne da aka kewaye da kwano, irin filayen nan da aka raba tun shekaru masu su ba su gina ba. Ba shi da suna, ba shi da allo a ƙofa. Mu dai filin Baba muke ce masa, saboda dattijon maigadin da ke kula da shi. Daga ƙofarsa kana hango hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinare, daga nan zuwa ofishinmu kuma tafiyar kamar minti goma ce a ƙafa. Ciki jar ƙasa ce babu kwalta babu siminti, da bishiyoyin darbejiya ta gefen gabas, da ɗakin kwano guda inda Baba yake kwana, sai rumfa mai tabarmi da butoci. In an jera da kyau yana cin mota wajen hamsin.

Kuɗin shiga N500 ne a rana, ko awa ɗaya ka yi ko wuni. Mai biyan wata kuwa N8,000 yake bayarwa. Kwanakin aiki a wata wajen 22 ne, ke nan mai biya kullum zai kashe N11,000, don haka akwai ragin N3,000 ga wanda ya biya a dunƙule, kuma shi ake fara ba wa wuri ranar da fili ya cika. Ba na raina N8,000. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake N70,000 tun 2024, kuɗin ajiye mota kaɗai ya haura kashi ɗaya cikin goma na abin da wani yake ɗauka a wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa a ofishinmu suka jingine motocinsu a gida. Mu da muka ci gaba da fitowa da mota larura ce ta sa. Tawa larurar yara ce: ni ke sauke su a makaranta da safe, ni ke kwaso su daga Islamiyya da yamma, kuma ba motar haya da za ta yi mini wannan zagayen.

Na san abin da wasu za su ce, ai ga gefen titi nan kyauta. Gaskiya ne a yanzu ba kowane titi ake karɓar kuɗi ba. Waɗanda suka daɗe a garin nan suna tuna zamanin tsarin nan na biya kafin ka yi fakin a titi, lokacin da ake ɗaure tayar mota da ƙarfe in ba a ga tikiti ba, har zuwa 2014 da Babbar Kotun Abuja ta yanke hukuncin cewa tsarin ba shi da madogara a doka. An yi yunƙurin dawo da shi daga baya, sai ministan Abuja Nyesom Wike ya fito a 2024 ya ce haramtacce ne. To amma rashin tikiti bai sa titi ya zama na kowa ba. Akwai wuraren da aka hana tsayawa, kuma ba kullum alamar take fitowa sarai ba. In motar ja ta biyo ta ɗauke maka mota, kuɗin tara da zirga-zirgar karɓo ta sun fi kuɗin fili na watanni. Sannan ga ɓarayi. Wani abokin aikinmu ya fito da yamma ya tarar an ɗage bonet an cire batir. Wata kuma ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke sarrafa injin, aka kwance mata tsakar rana, a titin da motoci ke wucewa, motar ta yi makonni a gareji kafin ta haɗa kuɗin wata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni da na lissafa, biyan wanda zai zauna ya sa wa motar ido ya fi mini sauƙi.

Abin da ya riƙe ni a filin nan shi ne yadda Baba yake tafiyar da shi. Basakkwace ne, ya manyanta, gemunsa fari tas, kuma tun kafin ƙarfe bakwai yana tsaye a bakin ƙofa da 'yar sandarsa. Kowace mota ta kunno kai sai ya leƙo ta taga. Ni ga yadda tamu take kasancewa:

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ya yaran? Yau ƙarhe nawa za a tashi?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Wanda ya ce sai bayan magariba, can ƙurya jikin kwano za a kai shi. Mai tashi ƙarfe huɗu a tsakiya. Wanda aikinsa na fita ne da rana, irin masu zuwa banki ko kotu, kusa da ƙofa. Baba bai yi boko ba, amma yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta lambar kowace mota da lokacin tashinta da ajami, kuma ban taɓa ganin ya rikita na wani da na wani ba. Yara biyu ke taya shi, jikansa da wani ɗan ƙauyensu. Jikan ne ke ba da hannu in za ka yi ribas. Yana tsayawa a baya daidai inda za ka gan shi a madubi, yana cewa "zo, zo, zo, karya hagu, zo kaɗan," in ka kai sai ya buga but da tafin hannu sau biyu. Tazarar da yake bari tsakanin mota da mota ba ta wuce ta buɗe ƙofa ɗaya ba, amma har yau ba a goge mini fenti ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cikin kuɗin suke ba. Lokacin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, yaran kan yanko kwali su rufe gilashin gaba na motocin da ba su sami inuwa ba, don kada sitiyari ya gagari hannu da yamma. Wata rana na dawo na tarar an sa dutse a gaban tayata ta baya, Baba ya ce tun azahar ya ga tana sauka a hankali, ya aika an kira mai faci yana nan yana jirana, bai bari an taɓa ba sai na zo. Ƙusa ce ta shiga. Da a titi na ajiye, sai dai in hau babbar hanyar Kubwa da ita a haka, da yara suna jirana. Na kuma ga ranar da hadari ya taso wani ya bar gilashinsa a sauke, suka nemo leda suka rufe tagar suka danne da ƙofa. Irin wannan kulawar ba a sayenta da N500, hali ne na mutum.

Maganar makulli ce take sa mutane ja da baya, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda motarsa ta tare wata, dole ya bar makulli don a iya matsar da ita. Ana rataye su a jikin ƙusoshi a wani katako cikin ɗakin Baba, kuma yaro ɗaya ne kaɗai aka yarda ya tuƙa, shi ma gaba da baya kawai a cikin fili. Na sha duba allurar mai da lissafin kilomita a farkon zuwana, ban ga abin zargi ba. Duk da haka ina ba da shawara a raba makullin mota da na gida da na ofis, kuma kada a bar kwamfuta ko jaka a kujera. Wanda ba ya son barin makulli sam, to ya iso kafin bakwai da rabi ya sami layin darbejiya, inda ba ya tare kowa. Wannan layin shi ne mafi daraja a filin, ga inuwa ga sauƙin fita, sai dai tsuntsaye ba sa raga wa rufin mota.

Yanzu ga inda filin ya gaza, kuma ba zan sassauta ba don ina ganin girman Baba.

Wata Talata wajen sha ɗaya na safe aka kira ni daga makaranta cewa 'yata ta kama zazzaɓi tana rawar sanyi. Na fito da gudu na iso fili, na tarar motoci biyu a bayana. Ɗaya an bar makullinta, nan da nan aka janye. Ɗayar wata babbar jif ce, mai ita ya ƙi barin makulli, ya ce minti ashirin zai yi, ga shi ya shige taro ya kashe waya. Na tsaya ina kallon motata, tana gabana amma ba ta da amfani a gare ni. Yaran suka gwada turawa, giya a kulle. Daga ƙarshe tasi na ɗauka shata har Kubwa, kuɗin da ya kusa rabin abin da nake biya a wata, washegari kuma na sake biyan wata motar na dawo. Baba ya ba ni haƙuri har na ji nauyi, ya ce "ɗiyata, laihina ne, ni na bar shi ya shiga." Bai karɓi kuɗin kwanan mota ba. Tun daga ranar ya kafa doka cewa ba makulli ba shiga tsakiya. Dokar tana aiki a kanmu masu ƙananan motoci. Amma na lura in mai babbar mota ya zo ya miƙa dubu biyu ya ce a riƙe canji, yaran sukan kau da kai. Na faɗa wa Baba wannan a gabansu, domin ranar da abin zai sake faruwa ba a san wanda zai faɗa wa ba, kuma wata larurar ba ta jiran tasi.

Damina ma wata jarrabawa ce. Daga Yuni zuwa Satumba, in aka kwana ana ruwa, ƙasar filin takan koma kamar kwaɓin gini. Ta ƙurya ruwa yake kwanciya, na ga mota ta kafe sai da mutum biyar suka tura. Ina ajiye silifas na roba a mota, da su nake takawa har bakin kwalta sannan in sa takalmin ofis, in riƙe gefen abayata a hannu. Da hunturu kuma ƙura ce, motar da ka wanke da safe za ka same ta ja da yamma. Yaran suna wanki a N1,000 in ka ce a yi, kuma suna yi da kyau, har cikin taya. Tifa biyu ko uku ta tsakuwa za ta kashe rabin wannan matsalar, amma Baba ya ce ba shi da ikon zuba komai sai da izinin mai fili, mai filin kuwa ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, wakilinsa ne kawai ke zuwa karɓar nasa kason.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin lissafi shi ne rashin rasit. Kuɗin hannu ake bayarwa, ko a tura ta asusun jikan Baba. Ni turawa nake yi, in rubuta lambar motata da sunan watan a wurin bayani, in adana hoton shaidar. Ban da wannan, ba wata takarda da ke nuna cewa motarka tana hannun wani. In Allah ya kiyaye aka sace ta, ko gobara ta tashi, ba kamfanin da za ka kama, sai dattijon da abin da ya mallaka bai kai kuɗin tayoyinka ba. A nan ya kamata mutane su fahimci inshorarsu. Yawancinmu ta dole muke yi, wadda ta koma N15,000 daga farkon 2023, kuma ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan satar motarka. Wanda motarsa ke da tsada ya yi cikakkiyar inshora, ko ya nemi wurin da ke da kamfani a bayansa ko da ya fi kuɗi. Ni da tsohuwar Corolla na auna na ga zan iya ɗaukar wannan kasadar, amma ban ce kowa ya ɗauka ba.

Ga 'yan'uwana mata akwai ƙarin magana. Babu banɗaki da mace za ta shiga, rumfar salla kuma ta maza ce. Hanyar da ke tsakanin filin da manyan gine-gine tana da wani yanki da fitilun titi ba sa kaiwa, kuma Central Area takan yi tsit da zarar an tashi daga aiki. A ƙarshen wata, lokacin rufe lissafi, nakan kai bayan isha'i. In hakan ta kama, ina kiran jikan Baba ya taro ni da tocila a bakin titi, ko in roƙi wani daga ofis ya raka ni. Ba su taɓa nuna gajiya ba, nakan ba yaron na shayi. Ana rufe ƙofa ƙarfe takwas. Bayan haka sai ka ƙwanƙwasa, in mota ta kwana kuma akwai ƙarin N1,000.

Ranar Juma'a filin yakan canza kama. Tun daga sha biyu masu zuwa Babban Masallaci suke cika duk wani lungu, Baba ma yakan karɓi wasu, don haka wanda zai fita tsakanin sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi ya faɗa tun da safe. Haka ranakun da ake taro a dandalin Eagle Square, kamar bikin ma'aikata na 1 ga Mayu ko shirye-shiryen 1 ga Oktoba, ana rufe hanyoyin da ke kewaye da Sakatariyar Tarayya, masu ajiye mota a can sai su kwararo wannan ɓangaren. A irin ranakun nan ne mai biyan wata yake cin moriyar kuɗinsa, domin Baba yana sa benci ya tare masa wuri har tara.

Na duba wasu hanyoyin kafin in tsaya a nan. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, yana da tasha a Gbazango ta ɓangarenmu, ana canji a Idu a shigo tashar Metro da ke tsakiyar gari. Ga wanda ba ya da yaran kaiwa makaranta, ajiye mota kusa da gida a hau jirgi dabara ce mai kyau, kuma ina da maƙwabcin da haka yake yi. Ni dai lokutansa ba su dace da nawa zagayen ba. Wasu kuma sukan haɗu su huɗu a mota ɗaya su raba kuɗin mai da na fakin, wanda ya sa kuɗin fili ya koma N2,000 a kan kowa a wata. Wannan ita ce mafi araha da na sani, in an sami mutanen da lokacin tashinsu ya zo ɗaya. Ajiye mota a Wuse ko Berger a ƙarasa da tasi kuwa ban ga ribarsa ba, ga kuɗin tasi sau biyu, ga fargabar 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja da sunan haya su yi masa fashi, da ta sa mace ba ta shiga kowace mota da yamma.

Abin yana ba ni takaici in na tuna cewa garin nan zana shi aka yi a takarda kafin a gina shi. Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991 ake ta ɗaga benaye a tsakiyar gari, ma'aikatan da ke cika su kuwa suna kwana a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu, wasu har Mararaba ta jihar Nasarawa da Suleja ta jihar Neja. An hana acaba a cikin gari tun 2006, an hana ƙananan bas-bas a 2013. An shimfiɗa tituna masu faɗi da ke kiran mutum ya zo da mota, sannan in ya iso babu inda zai ajiye ta sai filin da wani bai gina ba. Shi ma filin aro ne. Tun 2023 hukumar Abuja ke ƙwace filayen da aka bari ba gini, masu filaye kuma sun farga sun fara kafa harsashi. Kwanakin baya mun ga masu awo da na'urarsu a cikin namu filin. Don haka kada wanda ya biya fiye da wata ɗaya a gaba, ko an yi masa tayin ragi.

A taƙaice dai wurin ya dace da mai shiga ofis da safe ya zauna har yamma, mai motar da ba ta ɗaukar ido, wanda tafiyar minti goma ba za ta dame shi ba. Mai fita sau uku a rana, ko mai ciwon ƙafa, ko mai juna biyu a lokacin damina, zai sha wahala. Wanda zai fara zuwa ya biya na kullum na mako guda tukuna, ya ga yadda fita take a lokacin tashinsa, ya karɓi lambar wayar yaran, kuma ya gaisa da Baba yadda ya kamata, domin a filin nan sanayya tana aiki.

Baba ya shaida mana cewa daga sabuwar shekara kuɗin wata zai koma N10,000, saboda wakilin mai fili ya ƙara nasa. Mu masu biyan wata mun tsaya a rumfa mun tattauna, muka ce mun yarda, bisa sharaɗi biyu: a zuba tsakuwa daga ƙofa zuwa ƙurya kafin ruwan farko, kuma a sayo littafin rasit mai kwafi, ni zan koya wa jikansa yadda ake cike shi. Baba ya ce na rasit ya amince tun yanzu, na tsakuwa kuma zai kai maganar gaba. In an zuba, zan ci gaba da biya. In ba a zuba ba, zan gwada haɗa mota da wasu mata biyu na unguwarmu da ke aiki a Sakatariya, maigidana kuma ya karɓi kai yara makaranta kwana uku a mako, mun riga mun yi maganar.